Gidan Maigida ko Ajin Nota: Ina Mai Son Ƙwarewa a Kiɗan Tsirkiya Zai Nufa?

Akwai wani matsayi da duk mai koyon goge, ko garaya, ko jita yake kaiwa, inda hannunsa ya riga ya faɗa, ana kiransa biki a Hausare ko Yelwa a nan Garwa, ana yi masa liƙi, amma shi a ransa ya san cewa ya yi shekara biyu ko uku yana maimaita abu ɗaya, bai ƙara komai ba. Koyon farko ba shi da wuyar samu, domin kowace unguwa akwai wanda zai nuna wa yaro inda ake ɗora yatsa. Wahalar tana farawa ne daga wannan matsayi, lokacin da mutum yake neman wanda zai ɗauke shi daga iya kiɗa zuwa gwaninta. Hanyoyin da ke gabansa a arewacin Kamaru da Cadi biyu ne manya: ya zama yaron wani maigida ya bi shi shekaru, ko ya tafi inda ake koyar da kiɗa a rubuce, wato nota da solfej. Na bi duka biyun, shekara shida a bayan wani mai goge da uku a Yawunde ina koyon jita, kuma abin da na gani shi ne kowace hanya tana gyara wani ciwo dabam, don haka zaɓin ya dogara da sanin ciwon da ke damun mai koyo.

A gidan maigida ba a fara ba ka goge. Za ka ɗauki kaya, ka shimfiɗa tabarma, ka zauna cikin 'yan ƙwarya kana kaɗawa kana amshi, wani lokaci har shekara guda ko fiye kafin a bar ka ka taɓa izga, wato abin da ake jan goge da shi, a gaban jama'a. Matasa da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin bauta, kuma ba zan musa cewa akwai iyayengijin da ke mayar da shi bauta ba, amma asalinsa karatu ne. Wanda ya yi shekara yana kaɗa ƙwarya a bayan gwani, bugun ya shiga jikinsa ta yadda ba ya ƙirga shi, kuma taken mutane da na sarautu da na sana'o'i sun zauna masa a kunne tun kafin yatsunsa su neme su. Idan aka miƙa masa goge bayan haka, ya riga ya san abin da yake nema, saura kawai hannu ya cim ma kunne.

Babban abin da ake samu a wannan gida, wanda ban ga inda ake samunsa ba in ba nan ba, shi ne sa goge ya yi magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai gaɓa mai hawa, akwai mai sauka, akwai mai faɗuwa, sannan akwai doguwar gaɓa da gajera, kuma gwanin goge yana bin waɗannan ne daki-daki har mai sauraro ya ji kirarin kakansa ba tare da an buɗe baki ba. Goge ba shi da matakala irin ta jita, ba a ma danne tsagiyar ta taɓa sanda. Yatsa yana shafarta ne kawai a iska, saboda haka kowane sauti daga kunne yake fitowa, kuma tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba tana iya canza kalma. Ina tuna wani dare bayan sallar isha'i, ina gwada taken wani mahauci a zaure, maigidana yana kishingiɗe kamar barci yake yi. Sai ya ɗaga hannu ya ce, “Yaro, tsaya. Ka ji abin da ka faɗa kuwa?” Na ce, “Baba, abin da ka koya mini na kaɗa.” Ya ce, “Sautin nawa ne, maganar ba tawa ba ce. Ka gajarta inda mutumin nan yake da tsawo.” Ya karɓi gogen, ya goga ƙaro a izgar sau biyu, ya ɗan matsa jakin, wato ɗan iccen da tsagiya take hawa kansa, da babban yatsa, ya ja layin nan sau ɗaya tak, ya mayar mini. Sai da na yi kwana huɗu kafin na gane cewa gyaran ba a hannun hagu yake ba, a nauyin izga yake, inda ake sassauta ta a tsakiyar gaɓa a bar sautin ya miƙe.

Haka kuma a can ne ake koyon kayan kiɗan kansa: irin ƙwaryar da ta dace da kumbo, yadda ake jiƙa fatar guza a ɗaure ta, yadda ake zaɓar gashin wutsiyar doki a tsefe shi a daidaita yawansa, da dalilin da ya sa goge yake dushewa da damina har sai an shanya shi ko an kanga shi kusa da wuta, alhali da hunturu fatar takan ɗaure ya yi ƙara. Mai goge da ba ya iya haɗa gogensa rabin mai goge ne. Sannan akwai karatun taro, wato sanin wanda ya shigo, da wanda bai kamata a kaɗa takensa kafin na wani ba, da lokacin da mata suke son a sauya rawa. A garuruwanmu wannan karatu ya fi na Kano ko Katsina faɗi, domin taro ɗaya yakan haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Balaraben Shuwa, kuma makaɗin da ya zauna da wambaaɓe, wato makaɗan Fulani, ya ji yadda suke riƙe moolooru da geegeeru, molonsu da gogensu, yana da abin da zai ba kowa.

Sai dai aibin wannan hanya ba ƙarami ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Mafi yawan gwanayenmu sun iya yi amma ba su saba da bayani ba. Idan ka kasa, sai a sake kaɗa maka, idan ka sake kasawa, sai a ce ka ƙara haƙuri. Babu tsarin da zai nuna maka abin da za ka sani bana da abin da za ka sani baɗi. Wasu suna riƙe wasu take ko dabarun hannu su ajiye wa ɗan cikinsu, ko su tafi da su kabari. Rabon kuɗin biki a hannun maigida yake, kuma aikin na dare ne, a wuraren da iyaye da malamai da dama ba sa son ganin ɗansu, musamman da yake an daɗe ana danganta goge da garaya da bori. Bukukuwan ma da ake koyo a cikinsu sun ragu, na farko saboda fiyano da na'urar sauti sun fi rahusa ga mai biki, na biyu saboda rashin tsaron da ya taƙaita taron dare a yankin Marwa da Kusiri tun wajen 2014. Idan maigida ba ya samun gayyata, yaronsa ba shi da aji.

Ajin nota kuwa abin da ya fi ba ni mamaki a cikinsa ba rubutun ba ne. Karanta nota abu ne da mai kunne yake kamawa cikin 'yan watanni idan ya dage. Abin da ya canza mini hannu shi ne yadda ake rarraba matsala. Malamina na Yawunde, da ya ji ina tuntuɓe a wani wuri mai sauri, bai sake kaɗa mini ba. Ya sa fensir ya kewaye sauti huɗu kawai, ya kunna metronom, wato ɗan agogon da ke ƙirga bugu, ya saukar da shi zuwa sittin a minti, ya ce in kaɗa sauti ɗaya a kowane bugu har sai na yi sau goma a jere babu kuskure, sannan in ƙara huɗu a kan sittin ɗin. Ya kama gwiwar hannuna ya sauke kafaɗata, ya nuna mini cewa babban yatsana yana matse wuyan jitar da ƙarfin da ba a buƙata, shi ya sa ƙaramin yatsa yake makara. Cikin mako biyu wurin da na yi shekara ina tsallakewa ya zama kamar shan ruwa. Wannan dabara ta yin atisaye a hankali, da gano ainihin gaɓar da ta lalace, da kula da zaman jiki don kada jijiya ta ƙone, ita ce dukiyar wannan hanya, kuma tana aiki a kan goge kamar yadda take aiki a kan jita.

Bayan ita akwai ilimin haɗa sauti, abin da ake kira akor. Kiɗanmu na gargajiya galibi a kan sauti biyar yake tafiya, murya ɗaya a kan bugu, kuma mai goge yana ɗaure tsagiyarsa ne daidai da muryar mawaƙinsa. Da zarar an shiga situdiyo tare da mai fiyano da mai jitar bas, sai a tarar kowa yana magana da sunayen do, re, mi, ana cewa a ɗaga waƙar daga sol zuwa la, kuma wanda bai san wannan harshe ba sai ya zama baƙo a waƙar da shi ne ya fi kowa sanin ta. Wanda ya yi nota yana iya rubuta wa abokan kiɗansa abin da yake so, yana iya karɓar aiki daga Duwala ko Paris ta waya ya aika da nasa kason, yana kuma iya koyar da wasu da tsari.

Tsadar wannan hanya ta fara ne daga nisa. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne a mota, daga can kuma jirgin ƙasa ya kwana yana tafiya sama da kilomita 600 kafin Yawunde, sannan ga haya da abinci ko da mutum ya samu masauki wajen 'yan'uwa a unguwar Briketeri. Cibiyoyin koyar da fasahohi na gwamnati da ke Fumban, ƙarƙashin Jami'ar Dschang, da Nkongsamba, ƙarƙashin Jami'ar Duwala, sai da takardar bakaloriya da jarrabawar shiga, wanda hakan ya rufe ƙofa ga mafi yawan yaran makaɗa. Waje kuma akwai cibiyar koyar da fasahohi ta INSAAC a Abijan ga mai Faransanci, da makarantar kiɗa ta MUSON a Legas ga mai Ingilishi. Kowace mutum ya nufa, tambayar da ya kamata ya yi kafin ya biya ko sisi ita ce ko akwai malamin kayan kiɗan da yake so, da sau nawa za su zauna su biyu a mako, domin ana iya fita da difloma a kan tarihin kiɗa da ƙa'idojinsa alhali hannu yana inda aka bar shi. A nan kusa, Aliyans Faranses ta Garwa da Cibiyar Faransa ta Njamena sukan zama wurin haɗuwar makaɗa da gajerun bita, waɗanda suke da amfani wajen buɗe ido, amma bitar kwana biyar ba ta maye gurbin malamin da zai bi hannunka shekara biyu.

Akwai wata asara kuma da ba a cika faɗa ba. Tsarin Turawa ya raba tazarar sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma matakalar jita a kan wannan rabo aka kafa ta. Sautukan goge da garaya ba koyaushe suke faɗawa a kan waɗannan layuka ba, wasu suna ɗan ƙasa, wasu suna zamewa daga wannan zuwa wancan kamar yadda murya take yi. Yaron da aka horar da kunnensa a kan fiyano tun bai ƙoshi da na gida ba yakan dawo yana jin kiɗan kakanninsa kamar kuskure, sai ya shiga gyara abin da ba ɓatacce ba. Na ji irin wannan goge, mai tsabta ƙwarai, wanda tsofaffi suka saurara suka ce da daɗi, amma babu wanda ya tashi ya yi liƙi, domin bai kira sunan kowa ba.

Hanya ta uku da kowa yake bi yanzu ita ce waya. Ga mai jita da bas, YouTube taska ce, kuma iya rage saurin bidiyo a ga yatsun gwani abu ne da mu ba mu samu ba. Ga mai goge ko gurmi, amfaninta yana cikin tsofaffin faya-fayan da aka ɗora, inda za a ji gurmin Haruna Uji na Haɗejia, ko kukumar Ibrahim Na Habu, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015 bayan ya nuna abin da tsirkiya ɗaya tak za ta iya ɗauka. Amma waya ba ta ganin kafaɗarka, ba ta kuma ce maka tsaya. Mataimakiya ce ga wanda yake da malami, wanda kuma ba shi da shi takan ƙarfafa masa kuskurensa ne.

Idan aka zo ga zaɓi, kayan kiɗan da ke hannun mutum shi ne ya fi yanke hukunci. Mai goge, ko kukuma, ko garaya, ko gurmi, ko molo ba shi da wata makaranta da ta wuce maigida, kuma shawarata gare shi ita ce ya tafi yanzu, domin nota za ta jira shi shekara ashirin ba ta canza ba, tsohon da ya san taken nan kuwa ba zai jira ba. Labarin marigayi Malam Maman Barka na Nijar ya isa misali. Gwanin gurmi ne sananne, malamin makaranta kuma, amma a 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna a gaban Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Da ya jinkirta 'yan shekaru da bai tarar da kowa ba. Bayan shekara uku ko huɗu a gidan maigida, idan kunne ya kafu, sai a nemi mai fiyano na coci ko na situdiyo, ko malamin kiɗa na lise, wato makarantar sakandare, a koyi solfej da akor a gefe, wanda ba ya buƙatar barin gari.

Mai jita da mai bas lissafinsu dabam ne. Kayansu an gina su ne a kan tsarin sauti goma sha biyu, kuma bangon da sukan ci karo da shi kusan koyaushe na akor ne da na zaman hannu, don haka su ne suka fi cin ribar tafiya kudu, inda Kamaru ta yi suna a duniya wajen fitar da gwanayen bas irin su Richard Bona da Etienne Mbappé. Shi Bona, wanda aka haifa a Minta a 1967, da kunne ya fara, yana kiɗa a coci da wuraren rawa na Duwala tun yana yaro, sannan ya koyi karatun nota, ya tafi Turai yana da shekara 22. Jerin nan nasa, kunne kafin takarda, shi nake ganin ya dace da ɗan arewa, tare da ƙarin cewa kafin ya hau jirgin Ngaundere ya yi ko da shekara guda yana zama da mai garaya ko mai moolooru, yana kwashe salon bugunsu yana mayarwa kan jita. A Duwala masu kiɗan kudu irin su makosa da bikutsi sun fi a ƙirga, kuma ba zai fi su a nasu ba. Abin da za a neme shi dominsa shi ne abin da ya zo da shi daga bakin Binuwai.

Biyolon, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, shi ne inda nake jan kunnen iyaye sosai. Mutane suna zaton mai goge zai same shi da sauƙi tunda duka da izga ake jan su kuma duka ba su da matakala. Kunnen yana taimakawa ƙwarai, amma riƙon dabam ne: ana maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa, ana danne tsirkiya a kan katako, ana kuma sauya izga tsakanin tsirkiyoyi huɗu da aka ɗaure sol, re, la, mi. Masu kai wa matsayin ƙungiyar kiɗa ta ƙwararru galibi tun suna ƙanana suke farawa, da malami kowane mako, shekara goma ko fiye. Wanda burinsa ke nan ba shi da zaɓin jinkiri, kuma ba zai same shi a arewa ba, sai ya ƙaura. Ga kuma yanayinmu. Na taɓa sayen wani na hannu a kudu na kawo shi Garwa a watan Disamba. Kafin ƙarshen Janairu iskar hunturu ta busar da katakon, manne ya saki ta gefe, ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikinsa ya faɗi yana gangarawa, kuma ban samu wanda zai tayar da shi ba sai da na mayar da shi inda na saya. Tsirkiyarsa da gashin izgarsa ma sai an yi saƙo, alhali mai goge yana samun kayan gyaransa tsakanin kasuwa da bargar doki. Amma wanda yake son biyolon don ya kaɗa kiɗan gida ko salon Sudan da ake ji a Njamena da Kusiri, ba don ƙungiyar Turawa ba, shekara biyu da malami nagari za su ba shi riƙo mai kyau, sauran kuma kunnensa zai yi.

Ko wace hanya aka ɗauka, a gwada malamin kafin a ba shi shekaru. Kada a tsaya ga jin kiɗansa, a je a ji na yaransa: idan dukansu kwafinsa ne maras ƙarfi, ko kuwa babu ko ɗaya da ya taɓa sallama ya kafa nasa, to akwai abin dubawa. Wajen maigida, uba ko kawu ya raka yaro a yi magana a gaban shaidu kan shekarun zama, da kason biki, da ranakun da za a zauna koyo ba na fita aiki ba, a kuma nemi izininsa tun farko na ɗaukar sautin darasi a waya, domin wasu suna yarda idan an yi alƙawarin ba za a watsa ba, wasu kuma ba sa yarda sam, kuma haƙƙinsu ne. Wajen malamin nota, a kai masa wani take na gida a darasin farko a kaɗa masa. Idan ya saurara ya tambayi yadda aka yi wannan zamiyar, a zauna da shi. Idan kuwa ya miƙa hannu ga fiyano don ya nuna inda sautin ya kauce, za a iya koyon akor da karatu a wurinsa, amma a bar gogen a gida ranar darasinsa.